Rabin Daƙiƙar da Ta Tona Asiri: Amanar Sabunta Manhaja a Duniyar Linux

Ranar Juma'a 29 ga Maris 2024, wani injiniya Bajamushe mai suna Andres Freund, ma'aikacin kamfanin Microsoft kuma ɗaya daga cikin masu gina manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, ya fito da wani labari da ya hana masana tsaron kwamfuta barci a ƙarshen wannan mako. Yana cikin auna saurin aiki a kwamfutarsa mai ɗauke da Debian, wani nau'in Linux, sai ya lura cewa SSH, manhajar da ake bi a shiga kwamfuta daga nesa, tana cin ƙarfin na'ura fiye da kima, kuma tana ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa kafin ta amsa. Da wani ne, sai ya ɗora laifin a kan layin intanet ya wuce abinsa. Shi kuwa ya bi sawun jinkirin har gindinsa, ya tarar da ɓarauniyar hanya da aka dasa da gangan a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil wadda da wuya a sami kwamfutar Linux da ba ta ɗauke da ita.

Da abin ya wuce ba a gani ba, da mai riƙe da wani mabuɗi na sirri ya sami ikon ba da umarni ga ɗimbin kwamfutocin da bankuna da kamfanonin sadarwa da gwamnatoci ke aiki da su. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne hanyar da gubar ta biyo: ta zo ne ta sabuntawa, wato hanyar da kullum ake yi wa mutane nasiha su bi. Amma kuma shekara bakwai kafin nan, wani kamfani a Amurka ya yi asarar bayanan mutum miliyan 147 saboda ya yi jinkirin sabuntawa. Wanda ya yi gaggawa ya kusa halaka, wanda ya yi nawa ya halaka. Tsakanin waɗannan biyu duk mai kula da kwamfuta yake tsaye, kuma hanyar tsira tana cikin gane bambanci tsakanin sabon abu da gyaran ɓaraka.

Fakiti da madogaransa

Babbar manhajar da ake kira Linux ba daga hannu ɗaya ta fito ba. Ƙwayarta, wadda ke magana kai tsaye da na'ura, Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta a Helsinki ta ƙasar Finland a 1991. Yawancin kayan aikin da ke kewaye da ita sun fito ne daga shirin GNU da Richard Stallman ya ƙaddamar a 1983. Sauran kuwa dubban mutane ne suka rubuta, kowa a inda yake, mafi yawansu ba su taɓa haɗuwa ba. Dukansu buɗaɗɗun manhajoji ne: rubutun tushensu a fili yake, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba.

Aikin gidajen Linux irin su Debian da Fedora da Arch da openSUSE shi ne su tattaro waɗannan gutsattsari, su daidaita su har su zauna lafiya a kwamfuta ɗaya. Ian Murdock ya kafa Debian a watan Agusta 1993, kuma har yau 'yan sa kai ne ke tafiyar da ita. Daga jikinta Ubuntu ta fito a watan Oktoba 2004, a hannun Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu. Kowace manhaja ana naɗe ta a fakiti, wanda ke ɗauke da fayilolinta da lambar sigarta da jerin abubuwan da ba za ta yi aiki ba sai da su. Waɗannan su ne madogarai. Debian 12, da ta fito a watan Yuni 2023, tana da fakiti sama da 64,000.

Mafi yawan madogarai laburare ne, wato guntun manhaja da ya ƙware a aiki ɗaya, wasu manhajoji na aron aikinsa. Mai rubuta manhajar aika saƙo ba ya zama ya ƙirƙiro hanyar ɓoye sirri da kansa, sai ya jingina da OpenSSL. Ita ma OpenSSL tana jingine da laburaren C na GNU. Ta haka manhaja ɗaya ke jawo fakiti goma, goman nan su jawo ɗari.

Amfanin wannan tsari babba ne. Idan aka gano kuskure a laburare ɗaya, faci ɗaya ya ishi duk manhajojin da ke aronsa. Illarsa ma daga nan take: idan laburaren ya canza hali, duk wanda ke jingine da shi zai ji a jikinsa. A shekarun farko da hannu mutum ke farautar madogarai, ya sauko da wannan a ce sai da wancan, ya samo wancan a ce sigar ba ta dace ba. Domin kawo ƙarshen wannan wahala aka ƙirƙiro APT, wadda ta shiga Debian 2.1 a 1999. Aikin nata ba ƙarami ba ne. Masu bincike a Faransa sun nuna cewa tantance ko za a iya girka fakiti ba tare da karo ba yana cikin rukunin matsalolin lissafi mafi wuya, shi ya sa Fedora da openSUSE ke amfani da injin warware lissafi na musamman mai suna libsolv.

Abin da ke faruwa bayan umarni biyu

Duk wanda ya taɓa zama gaban Debian ko Ubuntu ya san umarni biyu da ake bugawa a jere: apt update, sannan apt upgrade. Da yawa suna buga su ba tare da sanin bambancinsu ba. Na farko ba ya girka komai. Yana zuwa rumbunan da aka rubuta wa kwamfutar a jerin tushenta, ya sauko da sabon kundin abin da ke cikinsu. Na biyu ne ke gwama kundin da abin da ke cikin kwamfutar, ya lissafa wane fakiti ya tsufa da abin da sabon zai jawo, ya nuna jerin, ya jira izini. Apt upgrade ba ya cire fakitin da aka riga aka girka. Idan sabuntawar na buƙatar cire wani abu, sai ya ajiye ta gefe. Apt full-upgrade ne ke da ikon cirewa, don haka shi ya fi buƙatar a karanta jerinsa da idon basira.

Wannan karatu ba ƙawa ba ne. A ƙarshen 2021, Linus Sebastian, fitaccen mai shirin fasaha a YouTube daga Kanada, ya yi ƙoƙarin girka manhajar wasanni ta Steam a Pop!_OS, wadda aka gina a kan Ubuntu. Wani kuskure a madogaran fakitin ya sa APT ta ga cewa ba mafita sai ta cire fuskar kwamfutar gaba ɗaya. Ta yi gargaɗi, har ta nemi a rubuta cikakkiyar jimla ta amincewa. Ya rubuta, allon aikinsa ya ɓace a gaban miliyoyin masu kallo. Bayan haka masu kula da APT suka ƙara tsaurara ta yadda ba za ta yarda da irin wannan cirewa cikin sauƙi ba.

To, yaya kwamfuta ke sanin cewa fakitin da ta sauko da shi na gaske ne, alhali rumbunan suna da kwafi a ƙasashe da dama a hannun jami'o'i da kamfanoni? Debian na sa hannu na lissafi a kan babban kundi da mabuɗinta na sirri. Kundin na ɗauke da tambarin lissafi na ƙananan kundaye, su kuma suna ɗauke da tambarin kowane fakiti. Idan aka canza ko da harafi ɗaya a hanya, tambarin ba zai dace ba, APT ta ƙi karɓa. Wanda ya zauna gaban malaman hadisi zai gane tsarin nan take, domin isnadi ne: ba a karɓar matani sai an san wane ya karɓo daga wane har zuwa tushe. Malaman kuma ba su tsaya ga haɗuwar silsila kaɗai ba, sun kafa ilimi na daban don bincikar halin kowane mai ruwaya. A wannan mataki na biyu ne duniyar Linux ta yi tuntuɓe a 2024.

Rassa uku, da hikimar jinkiri

Debian tana da rassa uku. Sabon fakiti yana fara sauka ne a reshen da ake kira sid, inda masu gini da masu ƙarfin hali ke zaune. Idan ya yi 'yan kwanaki ba a sami babban aibi a jikinsa ba, kuma madogaransa sun cika, sai ya gangara reshen gwaji. Kusan duk shekara biyu ana daskarar da reshen gwaji na tsawon watanni, a daina karɓar sababbin sigogi, a duƙufa kan gyara. Abin da ya fito daga wannan tankaɗe shi ne tabbataccen reshe, wanda aka yi domin kwamfutocin da ake dogaro da su. Debian 13 ta fito ta wannan hanya a watan Agusta 2025. Ubuntu kuwa tana fitar da siga duk wata shida, a Afrilu da Oktoba, sannan duk shekara biyu ta fitar da mai dogon zango wadda ake kula da ita shekara biyar.

A tabbataccen reshe ba a kawo sababbin sigogi. Idan aka gano ɓaraka a wata manhaja, ƙungiyar tsaro ta Debian tana ciro facin kaɗai daga sabuwar siga, ta ɗinka shi a jikin tsohuwar, ta ƙara 'yar lamba a ƙarshen sunan fakitin. Shi ya sa mutum zai ga lambar sigar manhajarsa ta tsufa da shekara biyu, alhali an toshe mata ɓarakar da aka gano makon jiya. Mai wannan reshe yana samun gyara cikin gaggawa, sabon abu kuma yana zuwa masa a sannu bayan wasu sun gwada shi.

Akwai gidajen da suka zaɓi wata hanya. Arch da openSUSE Tumbleweed suna tafiya ne kamar ruwan kogi, sabuwar siga na isowa cikin kwanaki. Tsari ne mai kyau ga wanda ke son sabon abu kuma yana da lokacin bibiya, amma yana da sharaɗinsa: Arch ta faɗa a fili cewa ba ta goyon bayan sabunta wani ɓangare a bar wani. Ita ma Debian tana gargaɗin masu cakuɗa fakitocin rassa daban-daban, domin madogaran za su sarƙe har a rasa ta inda za a warware.

Yadda aka shiga ta hannun mai kula

Lasse Collin, ɗan ƙasar Finland, shi ne ya ɗauki nauyin xz shekaru da dama, kusan shi kaɗai, ba albashi. A 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan, wanda masu bincike ke ɗauka sunan aro ne, ya fara bayyana a ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja, daga baya ya riƙa aiko wa xz gyare-gyare masu amfani. A 2022 wasu sunaye da ba a san su a ko'ina ba suka taso Collin a gaba, suna ƙorafin aikin na tafiyar hawainiya, suna neman ya miƙa wa wani. Collin ya amsa cewa aikin sa kai ne, kuma rashin lafiya ta rage masa ƙarfi. A hankali ya buɗe wa Jia Tan ƙofa, har zuwa 2023 mutumin ya kai matsayin fitar da sigogi da sa hannunsa.

Sigar 5.6.0 ta fito a watan Fabrairu 2024, 5.6.1 ta biyo baya a Maris. An ɓoye gubar a cikin fayilolin gwaji da suka yi kama da tarkacen bayanai, sannan aka saka abin da zai tayar da ita a cikin rubutun gini da ke cikin damin da ake rarrabawa kaɗai, ban da ma'ajiyar tushe da kowa ke dubawa. Sa hannun kuwa ingantacce ne. Silsilar ba ta yanke ba, mai ruwayar ne maƙaryaci.

Abin da ya kamata kowane mai koyon wannan fanni ya tsaya a kai shi ne yadda manhajar matse fayil ta kai ga ƙofar shiga kwamfuta. OpenSSH, wato manhajar SSH ɗin, kamar yadda masu ita suka rubuta ta, ba ruwanta da xz. Amma Debian da Fedora da wasu gidaje sun yi mata ɗan faci don ta riƙa sanar da systemd, manhajar da ke tayar da hidimomi, cewa ta tashi. Facin ya jingina ta da laburaren libsystemd, shi kuma yana jingine da liblzma, wanda ɓangare ne na xz. Madogarar madogara ce ta zama hanyar ɓarawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsaga tana can wurin da ba wanda ke kai ido.

Gubar ta isa sid da reshen gwaji na Debian, da sigogin gwaji na Fedora, da Tumbleweed, da Kali Linux. Ba ta isa tabbatacciyar Debian ba, ba ta isa Red Hat ta kamfanoni ba, ba ta isa Ubuntu mai dogon zango da mutane ke aiki da ita ba. Saura 'yan makonni a fitar da Ubuntu 24.04 da Fedora 40 asirin ya tonu. Ubuntu ta ɗage sigar gwajinta da mako ɗaya, ta sake gina fakitocinta. An ba ɓarakar lamba CVE-2024-3094, da maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari. Tsarin rassa ya yi aikin da aka yi shi dominsa: wani da ke zaune a reshen gaba ya hango matsalar kafin ta gangaro kan jama'a. Daga baya aka rage tsawon igiyar. OpenSSH 9.8, da ta fito a Yuli 2024, ta koyi sanar da systemd da kanta ba tare da libsystemd ba, systemd kuma ta daina ɗauko laburaren matse fayil sai lokacin da take buƙatarsa.

Farashin nawa

Kada wani ya ji wannan labari ya ce ashe gara a bar kwamfuta yadda take. Irin harin xz ba kasafai ake ganinsa ba. Abin da ke cin mutane kullum shi ne ɓarakar da aka riga aka sani, aka yi mata faci, amma facin bai isa inda ake buƙatarsa ba. Ranar da aka fitar da faci, ranar ce masu kutse ma ke karanta shi su gane inda raunin yake, su bazama neman waɗanda ba su ɗinke ba.

Ranar 7 ga Maris 2017 gidauniyar Apache ta fitar da gyaran wata mummunar ɓaraka a Struts, buɗaɗɗiyar manhajar gina shafukan intanet. Kamfanin Equifax, mai tattara tarihin basussukan Amurkawa, yana amfani da ita, amma wani sashe na tsarinsa bai samu gyaran ba. A tsakiyar Mayu masu kutse suka shiga, suka yi kwana 76 suna kwasa kafin a farga a ƙarshen Yuli. Shugaban kamfanin, Richard Smith, ya sauka daga kujerarsa a Satumba, kuma a 2019 kamfanin ya amince da biyan diyya da tara da za su iya kai dala miliyan 700. Maganin yana nan kyauta wata biyu kafin ɓarawo ya iso.

Sauran manyan ɓarakoki kowace ta bar nata darasi. Heartbleed, da aka bayyana ranar 7 ga Afrilu 2014 a OpenSSL, ta koyar da cewa girka faci bai wadatar ba: manhajar da ke cikin aiki tana ci gaba da riƙe tsohon laburare a ƙwaƙwalwar na'ura har sai an sake tayar da ita. Domin wannan Debian da Ubuntu ke da needrestart, mai nuna hidimomin da ke jiran a sake kunna su. A Mayu 2008 Luciano Bello ɗan Ajantina ya gano cewa wani faci da Debian da kanta ta yi wa OpenSSL a 2006 ya raunana ƙirƙirar mabuɗan sirri, har yawan waɗanda za su iya fitowa na kowane nau'i bai wuce 32,767 ba. A nan bayan sabuntawa sai da kowa ya watsar da tsofaffin mabuɗansa ya yi sababbi.

Log4Shell kuwa, a Disamba 2021, ta tona wata matsala ta daban. Kamfanoni da dama sun cusa kwafin laburaren Log4j a cikin manhajojinsu, inda APT ba ta gani, har wasu ma'aikatu suka yi makonni suna neman sanin ko suna da shi. Wannan matsala tana girma, domin yau manhaja na shigowa ta ƙofofi da yawa: pip ga masu Python, npm ga masu JavaScript, sai Snap da Flatpak da kwantenonin Docker masu tafiya da madogaransu a ciki. Kowace ƙofa da tata hanyar sabuntawa. Debian 12 ta kai ga hana pip zuba kaya kai tsaye a cikin Python na tsarin, don kada masu kula biyu su riƙa tattaka aikin juna.

Daga inda muke

A Kano ko Zariya ko Maraɗi, sabuntawa tana da cikas biyu da mai rubuta littafin koyarwa a Turai ba ya tunawa da su: kuɗin data da ɗaukewar wuta. Ɗalibin da ya girka Ubuntu ko Kali a kwamfutarsa ya ga an ce zai sauke ɗaruruwan megabayit, sai ya ce sai wani jiƙon. Wanda ya daure ya fara kuma aka ɗauke wuta ana tsakar girkawa, ya tarar da tsarin ya tsaya rabi da rabi. Duka biyun suna da magani. Kada a fara babbar sabuntawa sai batir ya cika ko inbata na aiki. Idan ta katse, umarnin dpkg --configure -a yana ƙarasa abin da aka bari, apt --fix-broken install kuma yana ɗinke madogaran da suka yanke. A ɗakin kwamfuta mai na'ura talatin, babu dalilin sauke fakiti ɗaya sau talatin: apt-cacher-ng yana ajiye kwafi a na'ura ɗaya sauran su ɗiba daga gare ta. Inda babu layi sam, apt-offline yana ba da damar a ɗauko sabuntawar a filashi daga wani wuri.

Ranar 14 ga Maris 2024, mako biyu kafin labarin xz, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, hidimomin bankuna da sadarwa suka tangaɗa a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. Duk jami'a ko ma'aikatar da ke ɗauko fakitocinta daga ƙetare ta ga abin da dogaro da nesa ke nufi. Ajiye kwafin rumbun Debian ko Ubuntu a cikin gida aiki ne da jami'a ɗaya za ta iya yi, kuma duk yankin ya amfana.

Amma cikas mafi girma a wurinmu na ɗabi'a ne. Mun saba a ba da kwangilar girka tsari, a yanka zare, a yi hoto, ɗan kwangila ya tafi da kalmar sirri a aljihunsa. Ba wanda aka ɗora wa kula, ba kuɗin kula a kasafi. Na'urar tana amsawa, don haka ana ɗauka lafiya lau take, alhali kowace siga tana da ranar da ake daina yi mata faci. CentOS 7, wadda ɗimbin kwamfutocin uwar garke a duniya suka zauna a kanta, an daina kula da ita ranar 30 ga Yuni 2024. Ubuntu 20.04 ta fita daga kulawa ta yau da kullum a 2025. Na'urar da ke kan irin waɗannan, idan ba a sayi ƙarin kulawa ba, za a buga mata apt upgrade ko makamancinsa ta ce babu sabon abu, mai ita ya yi murna, ga shi kuwa an bar ta a buɗe. Idan bayanan ɗalibai ne ko na marasa lafiya ko na masu ajiya a ciki, abin ya zama haƙƙin mutane. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta wajabta wa masu riƙe bayanan jama'a tsare su, da sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu su.

Ƙa'idojin da gogaggu ke bi ba su da yawa. Na'urar da ake dogaro da ita a ɗora ta a tabbataccen reshe ko siga mai dogon zango. A kunna unattended-upgrades don facin tsaro ya riƙa shiga da kansa. A rage rumbunan waje, domin duk rumbun da aka ƙara a jerin tushe an miƙa wa mai shi ikon shugaba a kan na'urar. A cire abin da ba a amfani da shi. Kafin a tsallaka daga babbar siga zuwa wata, a yi kwafin ajiya, a karanta bayanan fitarwa, a gwada a na'urar da ba ta ɗauke da komai mai muhimmanci.

Waɗanda ke ɗauke da nauyin

Bayan duk wannan akwai mutane. Lokacin Heartbleed duniya ta gano cewa OpenSSL, wadda ke tsare sirrin babban kaso na shafukan intanet, gudummawar da take samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Shekara goma bayan nan aka sake ganin hoto iri ɗaya a xz: mutum ɗaya, gajiyayye, yana riƙe da abin da kamfanoni masu biliyoyin dala ke ci da shi. Wanda ya shirya harin bai fasa lissafin sa hannu ba, gajiyar mai kula ya nema ya samu. An fara ɗaukar matakai. An kafa gidauniyar OpenSSF a 2020, Jamus ta buɗe asusun gwamnati a 2022 don biyan masu kula da irin waɗannan ginshiƙai, Tarayyar Turai ta yi dokar da ke ɗora wa masu sayar da kayan fasaha alhakin ci gaba da gyara su. Debian kuma tun 2013 take aikin tabbatar da cewa duk wanda ya sake gina fakiti daga tushensa zai sami abu iri ɗaya sak, don kada a cusa wani abu a tsakani.

Matasanmu da ke koyon wannan sana'a suna da gurbi a nan. Ba sai mutum ya ƙirƙiro sabuwar manhaja zai zama mai amfani ba. Wanda ya gwada fakiti a reshen gwaji ya kai rahoton kuskure a tsanake, ko ya ɗauki ɗaya daga cikin fakitocin da Debian ta jera a matsayin marayu masu neman mai kula, ya shiga silsilar da duniya ke dogaro da ita, kuma sunansa zai zauna a rubuce inda kowane mai ɗaukar aiki zai gani.

Ga shugabannin jami'o'i da asibitoci da ma'aikatu kuwa, ba a neman su koyi buga umarni. Tambayoyi uku suka isa su yi a taron gudanarwa na gaba: wace siga na'urorinmu ke kai, yaushe za a daina yi mata faci, kuma wane ne da sunansa aka ɗora wa sabunta ta? Idan aka rasa mai amsawa, to a naɗa shi a wannan zaman, a ware masa lokaci da kuɗi a kasafin shekara. Manhajar an ba mu ita kyauta, kula da ita kuwa nauyi ne da ya rataya a wuyan duk wanda mutane suka damƙa wa bayanansu.